Faɗuwar Nafusa

Dasuƙ, 9 ga Yuni, 1947

Zuwa ga ƙanwata Nafusa, Uwar Ihsan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, sai godiyar Allah. Ciwon gwiwar matata Sanniyya ya yi sauƙi. 'Yarki Ihsan tana cin abinci, tana karatu, ta ƙara tsawo har rigar da kika aiko bara ta ɗage mata. Ina fatan kina lafiya, in har akwai sauran lafiya ga wanda ya aikata abin da na karanta.

Jiya na shiga shagon Hamuda wanzami don a gyara mini fuska. Shagon a cike yake. Sai da ya lafta mini kumfa, ya tabbata ba ni da halin tashi, sannan ya ce, "Ya Afandi, kai ne malamin Larabci, taimaka ka fassara mana wannan." Ya miƙo mini wani guntun jarida da aka ƙunso masa kifin gishiri a ciki. Mai ya cinye rabi, an yage sauran. Kan labarin kaɗai ya tsira, da manyan baƙaƙe: SAƘƊAR NAFUSA 'YAR DASUƘ. A ƙarƙashinsa layi guda: "Maza na turereniya a Rodul Faraj don su gani da idonsu."

Shekara ashirin da biyu ina koyar da harshen nan. Ba Hamuda ne zai gaya mini abin da ake nufi da saƙɗa ba, kuma kin san sunan da ake kiran macen da ta yi ta: faɗaɗɗiya. Na ce musu Nafusa tana da yawa a duniya. Wani ya ce, "Gaskiya ne, Afandi, amma 'yar Dasuƙ a Rodul Faraj fa?" Aka kwashe da dariya. Na fito da rabin fuskata ba a aske ba.

Da mijinki ya rasu kika ce za ki Alƙahira ki yi wa masu wasan kwaikwayo ɗinkin kaya, ban so ba, amma na yarda, na karɓi yarinya na riƙe. Kin rantse mini ba za ki wuce ɗakin keken ɗinki ba. To me ya kai sunan ubanmu cikin takardar kifi?

Ki ba ni amsa a wasiƙa ta gaba, kada ki yi kwana-kwana. Ban gaya wa yarinyar komai ba tukuna.

Yayanki,
Abdulmaƙsud

Rodul Faraj, Alƙahira, 17 ga Yuni

Yaya Abdulmaƙsud Afandi,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin lafiyarku. Ka gaida Sanniyya, ka ce ta riƙa shafa man zaitun mai ɗumi. Ka sumbaci goshin Ihsan. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kwankwasona na hagu, kuma yanzu za ka ji dalili.

Ashe malamin da ke zane yara in sun tsaya a tsakiyar jimla, shi ne ya yanke wa ƙanwarsa hukunci da guntun takarda mai warin kifi! Ga jaridar nan cikakkiya na sa maka a ambulan. Ka karanta har ƙasa, kamar yadda ka koya mini.

Abin da ya faru ke nan. Wata Alhamis, ana saura kaɗan a fara wasan la'asar, yarinyar da ke fitowa a matsayin 'yar aiki ta yi zuciya ta tafi. Sai ga Ustazu Fahim, mai gidan wasan, ya faɗo ɗakin ɗinki yana yarfa gumi. "Uwar Ihsan, ki rufa mini asiri! Faranti kawai za ki ɗauka, ki ce 'Ga gahawa, ya Basha,' ki ajiye ki fito." Na ce ni? Ya ce ko akuya ce ta iya wannan. Aka zura mini takalman yarinyar, sun yi mini yawa.

Na fito. Hasken nan ya dalle mini ido. Taku uku na yi, takalmi ya kama bakin darduma. Yaya, ƙafafuna biyu suka yi sama, na zauna daɓas a kan abin zamana, faranti ya tashi, kofi ɗaya ya je ya sauka cikin hular mai fitowa a matsayin Basha, attajirin maigida. Wuri ya yi tsit. Ni kuma don ruɗewa, ina zaune a ƙasa, hannu wayam, na buɗe baki na ce, "Ga gahawa, ya Basha."

Na ɗauka rufin ne ya rushe. Ashe dariya ce. Wani mai ƙiba a layin gaba sai da aka yi masa fifita.

Na shige bayan labule ina kuka don kunya. Akwai wani dattijo a cikinmu, Ammu Girgis, ya ba saba'in baya, duk rayuwarsa faɗuwa ce aikinsa. Ya tsuguna gabana ya ce, "Kuka kike yi, 'yata? Shekara arba'in ina farfasa ƙasusuwana ina neman irin dariyar nan, ke an ba ki ita kyauta, kina kuka? Tashi ki share hanci. Gobe ki zo da wuri in koya miki yadda za ki sake ta ba tare da kin karye ba."

Wannan ita ce saƙɗar. Haka masu wasa ke kiran faɗuwar da ake yi don a ba mutane dariya. Kullum ina yin ta sau biyu, a cikin riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, wanda ni na ɗinka da hannuna. Mazan da ke turereniya kuwa, da matansu suke zuwa, da 'ya'yansu, da surukansu.

Rantsuwar da na yi maka, na karya ta, ban musa ba, kuma na yi kaffara. Amma abin da ka zarge ni da shi, Allah ya isa tsakanina da takardar kifi. Kai ma da ka tsaya an gama maka askin.

Ƙanwarka,
Nafusa

Dasuƙ, 6 ga Yuli

Uwar Ihsan,

Bayan sallama, duk muna lafiya. Zafi ya yi yawa, ana shirin azumi. Ihsan ta ci jarrabawa, ta zo ta uku.

Na karanta jaridar har ƙasa, sau biyu. Marubucin ya yi kuskuren nahawu a wuri huɗu. Na janye mummunan zaton da na yi, na nemi gafarar Allah a kansa. Amma rabin magana kawai na janye.

Na buɗe ƙamus, don kada ki ce son zuciya ne. Saƙɗa tana da ma'ana uku. Ta fari, faɗuwar jiki. Ta biyu, katoɓarar da ke jawo wa mutum kunya, kamar a ce mai huɗuba ya yi tuntuɓen harshe a kan mumbari. Ta uku, zubewar mutunci. Na duba sama na duba ƙasa, ban ga ta huɗu wadda ta ce sana'a ba. Ke kin haɗa ta fari da ta biyu kina sayarwa, mutanen Dasuƙ kuma sun zaɓar miki ta uku. Kina tsammanin zan bi su gida gida da jarida ina yi musu darasi? Wanda ya karanta kan labari ya gama karatunsa.

Mace mai shekara talatin da takwas, uwar budurwa, 'yar mutumin da ya yi limanci a unguwarmu, ta riƙa ɗaga ƙafa sama a gaban jama'a! Sanniyya ta daina zuwa gidan wanka ranar da mata ke cika. Yarinyar ma ta ji, ba daga bakina ba. Ranar Talata ta dawo da mayafinta a yage, ta ƙi faɗin wanda ta yi faɗa da shi.

Ga hukuncina. Ki tattara ki dawo kafin Ƙaramar Salla. Ɗakin sama yana nan, keken ɗinkin mahaifiyarmu yana nan. A hankali magana za ta mutu. In kin ƙi, to ki sani ba zan ƙara miƙa wa Ihsan wasiƙarki ba, kuma duk ƙunshin da kika aiko zai koma miki yadda ya zo. Ba mugunta ba ce. Bakin rijiya ba wurin wasan yaro ba ne.

Abdulmaƙsud

Rodul Faraj, 20 ga Yuli

Yaya,

Barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadarmu. Ina lafiya, kwankwaso ya warke. Ta uku a aji! Ka gaya mata na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na san ba za ka gaya mata ba, amma na rubuta.

Ba zan dawo ba. Na sa shi a farko don kada ka wahala da nema.

Ka ce ƙamus bai san ma'ana ta huɗu ba. To ka ɗauki fensir ka rubuta masa a gefe, ai mutum ne ya rubuta shi, kuma na tabbata bai taɓa zuwa Rodul Faraj ba. Ka rubuta: faɗuwar da mai ita ya zaɓa, ya san lokacinta, ya san inda zai sauka, ya tashi abinsa.

Kana jin wasa ne? Wata guda Ammu Girgis yana jefa ni a kan katifar auduga. Sai ka saki gwiwa kamar an zare mata ƙashi. Ka manne haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu. Ka sauka a kan tsoka, ba a kan ƙashi ba. In ka kai ƙasa ka juya ido sama, ka yi lamo, ka ƙirga uku a zuci kafin ka motsa, don cikin ukun nan ne dariya ke taruwa. In ka yi gaggawa ka kashe ta. Yana tsaye kaina da sanda yana cewa, "Ke, buhun albasa kika yar ko mutum? Sake!" Yaran ajinka ba su sha wuyar da na sha ba.

Ni na san faɗuwar gaske, Yaya. Ranar da aka yi arba'in ɗin mijina, 'yan'uwansa suka fito da tabarmata da tukwanena suka jibge a titi, ina riƙe da hannun Ihsan. A gaban shagon Hamudan nan aka yi. Duk masu mutuncin Dasuƙ suna kallo, ba wanda ya kawo mana ɗauki. Kai ka zo ka kwashe mu, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma shekara guda da na yi a ɗakin saman nan, ina jin kaina kamar tsohuwar kujerar da aka rasa inda za a kai. Ranar da aka jibge ni a titi ba wanda ya buɗe ƙamus. Sai yau da nake faɗuwa da ƙafata, ina tashi da ƙafata, ina ci da guminta, shi ne mutunci ya zube?

Shekaranjiya wata mai wankau ta jira ni a ƙofar baya. Ta kama fuskata da hannuwanta masu kaushi ta ce, "'Yar'uwa, tun da ɗana ya nutse a kogi ban yi dariya ba sai yau. Har na ji kunyar kaina." Muka tsaya muna kuka kamar sakarkaru. Je ka gaya mata sana'ata ba ta cikin littafi.

Ka riƙe wasiƙun in ka ga dama. Ni dai zan yi ta rubutawa, ɗan aike ya gaji, aljihun teburinka ya cika. 'Yata ce. Ko ka rufe ta a tulu ta san wadda ta haife ta. Wanda ya yaga mata mayafi kuma, ina fatan ta yaga masa fiye da haka.

Nafusa

Rodul Faraj, 4 ga Oktoba

Yaya Abdulmaƙsud,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, cutar da ake fama da ita ba ta shigo layinmu ba.

Wata biyu da rabi ke nan ba amsa. Kayan Salla sun dawo mini da igiyarsu yadda na ɗaure, na gani, na haɗiye. Wasiƙa biyar na aiko wa Ihsan. Duk wannan na iya ɗauka.

Amma yanzu annobar amai da gudawa ta shigo ƙasa, kullum sai a ce ta ci gari kaza. Ustazu Fahim ya rufe gidan wasa. Ina zaune ba abin da nake yi sai sauraron sunayen garuruwa. Ka ji daɗi, ba na faɗuwa a gaban kowa.

Kada ka ɗauka saukowa na yi. Ranar da aka buɗe, a ranar zan koma. Fushinka naka ne, ka riƙe abinka. Layi ɗaya nake nema: kuna raye? Ku tafasa ruwa. Kada ta ci dabino ko wani abu ɗanye daga kasuwa. A matsa lemun tsami a komai. In an zo yin allurar rigakafi ka kai ta da kanka.

Nafusa

Dasuƙ, 12 ga Oktoba

Nafusa,

Ihsan ta faɗi yau da safe a layin allura. Ma'aikatan lafiya sun ɗauke ta zuwa tantunan da aka kafa a bayan gari. Ba a barin kowa ya shiga. Kada ki taso, an tsare hanya. Ki yi addu'a.

Abdulmaƙsud

Rodul Faraj, 21 ga Oktoba

Yaya,

Ba ni da gaisuwa yau. Ban san ko ina da lafiya ba.

Takardarka ta kwana biyar a hanya. Ina karantawa na fita ba mayafi, maƙwabciyata ce ta biyo ni da shi. A tashar jirgin ƙasa suka ce ba tikiti sai da takardar izini. Na je inda ake ba da izinin, na tarar da mutane kamar ƙasa, na wuni ban kai ga taga ba. Washegari da asuba na kama hanya da ƙafa. Wani mai amalanken kabewa ya rage mini tafiya. A wajen Ƙalyub sojoji sun gindaya itace a hanya. Na roƙe su, na kama takalmin babbansu. Ya ce, "Uwa, ko uwata ce ba za ta wuce ba." Wani ƙarami a cikinsu ya ƙura mini ido ya ce, "Kai, wannan ba ita ce mai faranti ba? Yi mana ɗaya mana!" Yaya, ban taɓa marin namiji ba sai ranar. Babban nasu ya hana a taɓa ni, ya sa aka juyo da ni a motar kaya.

Kwana huɗu ke nan ina zaune a bakin ƙofa ina jiran ɗan aike. Layi huɗu ka rubuto mini. Kai da ke cika takarda uku a kan ma'anar kalma ɗaya, 'yata ta faɗi ka ba ni layi huɗu! Tana magana? Ta sha ruwa? Wa ke kusa da ita? Ta kira ni?

Ka saurare ni da kyau. In yarinyar nan ta tafi tana zaton uwarta ta manta da ita, alhali wasiƙuna biyar suna kulle a teburinka, to ni da kai sai a gaban Allah. Kada kuma ka kuskura ka ce mini wannan sakamakon sana'ata ne. Na san za a faɗa a shagon Hamuda. Cutar nan ta kashe limamai, ta kashe jarirai. Ban yi abin da za a karɓi 'yata a kansa ba, kuma ko a bakin kabari ba zan ce na yi ba.

Ka kai mata wasiƙun. In ba a shiga, ka tsaya a bakin shinge ka karanta da ƙarfi. Ai kana da murya.

Nafusa

Dasuƙ, 27 ga Oktoba

Ƙanwata Nafusa, Uwar Ihsan,

Ihsan tana raye, lafiyarta ƙalau, tana gida. Ga ta can tana cin burodi da cuku, tana faɗa da Sanniyya a kan tsefe kai. Ba ta taɓa kamuwa da cutar ba. Ki sha ruwa, ki zauna, sannan ki karanta sauran.

Ranar da abin ya faru ni na kai ta, amma layin maza daban, na mata daban. Ashe a layinsu matar Hamuda tana bayanta. Ta ce wa mata, "Ku ɗan matsa, kada 'yar faɗaɗɗiya ta shafa mana abin gidansu." Yarinyar ta juyo ta ce, "Uwata ba faɗaɗɗiya ba ce, gwanar faɗuwa ce. Ba ki san bambanci ba? Tsaya ki gani." Ta saki gwiwa, ta zube, ta juya ido sama, ta yi lamo.

A layin allura, Nafusa. A tsakiyar annoba.

Mata suka watse suna salati. Ta gaya mini tana cikin ƙirga uku ne, ta kai biyu, ta ji an sunkuce ta an ɗora a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ta yi ta ihu, "Ƙalau nake! Wasa nake yi!" Ma'aikacin ya ce, "Duk haka kuke cewa." Matar Hamuda, wadda ta ji komai, ta ja bakinta ta tafi gida. Ni ban ga komai ba sai ƙurar mota. A wannan halin na rubuto miki layi huɗun.

Washegari na je bakin wayar da aka kewaye tantunan da ita. Mutane sun fi ɗari a tsaye, kowa da nasa a ciki. Can na jiyo murya daga tanti na biyu: "Kawu! Kawu! Irin ta Umma na yi! Ka duba teburinka!" Na koma gida da gudu. Ashe ta daɗe da gano inda nake ajiye mabuɗi. Wasiƙunki duk ta karanta su. Wadda kika bayyana yadda ake faɗuwa har ta yi laushi don shafa. Sanniyya ta ce dama ta daɗe tana jin dim, dim, a ɗakin sama, ta ɗauka shanya ce ke faɗowa.

Na ɗauki wasiƙar da jaridar na koma. Mai gadi ya ce likita ba shi da lokacin kowa. Na roƙa, ya ƙi. Yarinya tana kwance tsakanin masu amai, kowace sa'a da haɗarinta. Sai na hau kan wani dutse, na buɗe jaridar, na karanta ta da muryar da nake kiran aji da ita. Tun daga kan labarin, da manyan baƙaƙensa, har ƙasa. A gaban mutanen Dasuƙ. Ban gyara ko kuskuren nahawu ɗaya ba. Na ɗora da wasiƙarki, har wurin buhun albasa. Suka ɗauka na zautu.

Sai ga likitan ya fito, wani saurayi ɗan Alƙahira, Dakta Ramzi, idanunsa jajur don rashin barci. Ya ce, "Wa ke maganar Nafusa mai faranti?" Na ce ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban san na iya faɗar haka da ƙarfi ba. Ya ce, "Sau uku na kalle ta. Mahaifiyata har ta shaƙe." Na gaya masa abin da ya faru. Ya sa aka fito da yarinyar, ya duba idonta da harshenta, ya ja fatar hannunta, ya ce, "To, 'yar gwana, sake yi in gani."

Ta dube ni. Na ɗaga mata kai. Ta yi.

Nafusa, mutanen da suka kwana suna kuka a bakin wayar nan, na ga haƙoransu. Wata tsohuwa tana dariya tana share hawaye tana cewa a yafe mata. Likitan ya ce, "Haɓar ta fi kyau a wurin uwar." Ya ware ta a wani ƙaramin tanti ita kaɗai, tunda ta kwana cikin masu cutar, ya riƙe ta kwana shida yana dubawa, sannan ya sallame ta.

Za ki ce me ya hana ni rubutowa tun ranar. Na ce ba zan sake aiko miki da rabin labari ba, sai ta fito. Da ta fito na ce sai na ga ta kwana biyu lafiya. Sai ga Babbar Salla, gidan waya a rufe. Jiya wasiƙarki ta iso, na karanta abin da ya same ki a Ƙalyub, na gane abin da na yi. Na bar ki cikin makoki mako biyu saboda ina son jimlata ta cika. Wannan ita ce ma'ana ta biyu, katoɓara, kuma tawa ce, ba wanda ya taya ni. Ki yafe mini.

Kada ki ɗauka na ce sana'ar ta yi mini. Ba ta yi mini ba. Har gobe da za ki koma keken ɗinki da na fi kowa murna. Amma mabuɗin tebur yana hannun Ihsan yanzu.

Yayanki,
Abdulmaƙsud

Rodul Faraj, 3 ga Nuwamba

Yaya Abdulmaƙsud,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na zube a bakin ƙofa, kuma wannan karon ban manne haɓa ba, ga ƙulu a ƙeyata. Na dafa shinkafa da madara na raba wa duk layinmu. Ammu Girgis ya kunna kyandir a cocinsu, ya ce a gaya wa yarinyar tana da baiwa amma ba ta da hankali, wai mai wasa na gari yakan duba 'yan kallonsa kafin ya faɗi. Ka gaida Sanniyya da ɗawainiya.

Na yafe maka mako biyun, saboda dutsen nan da ka hau. Da na ga wannan da idona! Wata biyu da rabin da ka yi mini shiru kuwa, sai mun zauna.

Ka ce wa Ihsan kunnenta yana nan a hannuna, zan ja shi har sai ta ga taurari da rana, sannan in rungume ta. Makaranta za ta ci gaba, a nan ko a can, ita za ta zaɓa da bakinta muna zaune mu uku. Faɗuwar mutum ɗaya ta ishi gida.

Ustazu Fahim zai buɗe da zarar an saki gari, kuma zan koma, na gaya maka tun yanzu. Amma kafin nan, ranar da aka buɗe hanya zan zo in kwana uku. Ba da magariba zan shigo ba, ba kuma ta bayan masallaci zan zagaya ba. Jirgin safe zan hau, ranar Alhamis, kasuwa na ci. Zan bi ta babban titi, in wuce ta ƙofar Hamuda a hankali, in gaida matarsa da kyau in tambaye ta lafiyar harshenta.

In kana jin nauyin a gan ka da ni, ka zauna a gida, ba zan riƙe ka ba. Na san hanya.

Ƙanwarka,
Nafusa

Dasuƙ, 10 ga Nuwamba

Uwar Ihsan,

Muna lafiya. Jirgin safe yana isowa sha ɗaya saura kwata. Ki aiko da ranar. Zan nemi izini a makaranta, in sa kwat ɗina na Juma'a. Ni zan ɗauki jakar, ke ki riƙe hannun 'yarki.

Ta babban titi.

Yayanki,
Abdulmaƙsud